Turmin da Ya Yi Jinyar Barira

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da ciwo ya saukar da magani, ya kuma ajiye wani ciwon da ba shi da zazzaɓi ba shi da kumburi, don ya gwada haƙurin tsofaffi.

Sunana Idi, amma a Agiye in ba ka ce Planto ba, ba mai nuna maka gidana. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina planto, wato masinja, a bakin ƙofar buro, ofishin gwamnati, ina kai takarda ina kawo takarda, ban taɓa sanin abin da ke cikinsu ba. Lakol, wato makarantar boko, aji uku na yi zamanin Nasara, sannan muka rabu da mushenmu, malamin ajinmu, bisa yardar juna: shi hannunsa ya gaji, ni bayana ya gaji. Rubutun Hausa kuwa a ajin yaƙi da jahilci na same shi, furfura ta riga ta fito. Na ɗauki alƙalami ne saboda jikata Barira, da kuma duk gidan da ke da irinta ba su sani ba, suna ta wahalar da dorina a banza.

Barira ɗiyar fari ce ga ɗana na fari, Lawali. Kada wani ya ce Planto ya faɗi sunan ɗan fari. Ban faɗa ba, rubutawa na yi, alƙalami kuwa ba shi da kunya.

Yarinyar nan ta yi magana kafin ta yi tafiya, kuma har yau maganar ce a gaba, tafiyar na biye tana tuntuɓe. Shekarun da nake ba da labarinsu su ne waɗanda bakin kowa ya buɗe a ƙasar nan, jam'iyyu suka fito kamar shinge bayan ruwan fari. Ana ta taro a Yamai, radiyo na kawo mana shi har gindin bedi, itacen nan da wasu ke ce wa dogon yaro. Barira takan zauna kusa da radiyona, in an tashi ta maimaita mana duk abin da aka ce, da Hausar da Faransancin, har da inda mai jawabi ya yi tari. Unguwa ta sa mata Depite, wato ɗan majalisa. Ni kuwa na riƙa nuna ta kamar sabon agogo, ina cewa kan nan irin nawa ne.

Tsohuwa, wato matata Kuluwa, ta ce, "Naka ne, na shaida. Tulu uku ta fasa mini daga sallah zuwa yau."

Gaskiyarta. Shekara goma Barira ba ta iya ɗaurin zanen da zai kai ta ƙofar gida ba. Takalmin dama yana hagu. A aike ta rijiya, gida biyar tsakani, sai a tsince ta a wani lungu tana tambayar hanya, alhali ta san sunan kowane mai gida da na ubansa. A dandali ta fi kowa sanin waƙar gaɗa, amma tafinta ba ya haɗuwa da na kowa, sai dai da hancin ƙawarta. Ƴan mata suka daina biyo mata.

Abin da ya fi ƙona ran uwarta Hajara shi ne ido. Kowa ya san yadda uwa ke yi a gidan mutane: an miƙo wa yaro abinci, ta ɗan kalle shi, ya ce ya ƙoshi. Ranar wani suna a maƙwabta aka miƙo wa Barira tuwo da nama. Hajara ta yi kallo, ta ƙara, ta yi harara har wuyanta ya ƙage. Barira ta cinye tas, ta sha ruwa, sannan ta ce a gaban mata, "Inna, wani abu ya faɗa miki a ido ne? Kawo in hure miki." An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ita ko ta tambaya, fuska ba ta ba ta amsa.

Duk wannan dariya muke yi, sai da takarda ta zo daga lakol, tsakiyar bazara, bayan malamai sun dawo daga wani dogon yajin aiki. Barira da kanta ta karanta mana, da murya mai daɗi, kamar ba ita ake nufi ba. Ta riga ta maimaita aji huɗu sau ɗaya. Jarrabawar ƙarshen shekara saura sati bakwai. In ta sake faɗuwa, an kore ta.

Ubanta ya ce, yana kallon katanga, "A bar su su kore ta. Ta zauna ta koyi aikin gida."

Tsohuwa ta ce, "Da tulun wa?"

Da la'asar yarinyar ta same ni gindin bedi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kaka, a gida in na yi magana cewa ake na cika surutu. A dandali tashi suke. A lakol ne kaɗai in na faɗi abu ake cewa da kyau. In an kore ni, ina zan kai maganata?"

Daga ranar na naɗa kaina majinyaci, ba wanda ya zaɓe ni, ko da yake zamanin zaɓe ne.

Satin farko na fara da lakol. Na saka kakina na aiki, na je wurin mushensu, wani saurayi dogo daga wajen Cadakori. Ya karɓe ni da sanyi, kuma yana da dalili. Watanni kafin nan na ce wa Barira cikin wasa, "Ki gaya wa mushenku ya zo in ƙara mishi Faransanci." Ta je ta faɗa mishi a gaban aji, kalma da kalma, har da sa'ar da nake gida.

Ya buɗe mini kayenta, littafin da take lissafi a ciki. Na ga lambobi sun watse kamar awakin da kura ta shiga. Wata ta hau kan wata, wata ta gangara shafi na gaba. Ya ce, "Baba, wannan yarinya ba wanda ya kai ta hadda. Bakwai sau takwas kafin in rufe baki ta faɗa. Amma in na ce ta rubuta ta haɗa, ga abin da take yi mini. Wanda ya sani ya ƙi yi, me sunansa?"

Na ce, "Depite."

Bai yi dariya ba. Ya ce taurin kai ne. Ubanta ma haka ya ce, ya gwada dorina kwana biyu. Abin da dorina ta ƙara shi ne hannun da ke karkacewa ya koma rawa. Na karɓe ta na jefa bisa rumfa.

Sati na biyu na dangi ne. Ƙanwata Taroro ta taso daga Gidan Rumji da ƙullin turare, ta dubi yarinya sama da ƙasa ta ce, "Wagga ɗiya da mutanen ɓoye take. Ba ka ganin ba ta kallon mutum a ido?" Aka turara ta, aka turara ɗaki, aka turara ni da ke tsaye ba ruwana. Muka je wurin malamin unguwa neman rubutu. Ya ja wata sura don ya tofa mata, ya ɗan yi tuntuɓe a tsakiya, Barira ta ɗora mishi. Mutumin kirki ne. Ya ajiye allo ya ce, "Malam Idi, aljanin da ke gyara wa malami karatu ban taɓa jin sa ba. Ga rubutu don albarka, amma ku gwada asibiti." Wannan satin ya cinye mini zakara da buhun gawayi, ya bar Taroro a gidana har wata guda, tana ba da shawara safe da yamma.

Sati na uku muka je dispansar, ƙaramin asibitin garinmu. Majo, babban malamin jinya na wurin, ya duba ido, ya duba harshe, ya danna ciki, ya tambaya ko ta taɓa faɗowa daga itace. Na ce wadda ba ta iya hawan turmi ba? Ya ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ya rubuta mana takarda zuwa Maradi, ya ce wataƙila tabarau take so. Ƙwayoyin sun yi aiki, don ni na shanye rabinsu na ji ƙarfi.

Sati na huɗu tunkiyar Tsohuwa ta tafi kasuwa ba ta dawo ba, mu kuma muka shiga motar Maradi. Ba zan ɓoye ba, layin asibiti ya ba ni wuya. Mun iso da hantsi, rana ta dafa mu ta juya mu, aka ce mu dawo gobe. Muka kwana wurin wani ɗan garinmu. Kashegari aka kai mu ɗakin gwajin ido. Akwai ƴan lakol biyu a gabanmu, suka karanta haruffan da ke jikin bango da ƙarfi. Da aka zo kan Barira, ta zubo su daga babba har ƙaramin da ni ban ma san yana nan ba. Mai gwaji ya fara yabo, sai ya lura taga take kallo. Ya sauya allon, ya sake gwadawa. Ido lafiya lau. Ya ce, "Tsoho, wannan ba tawa ba ce," ya tura mu wurin likitar yara.

Mace ce, ba ta da tsawo, Hausarta irin tamu. Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Ba ta taɓa allura ba. Ta yi hira da Barira, har ta ajiye biro tana saurare. Sannan ta ce ta zana mata bukka. Barira ta zana ƙofa a sama, jinka a gefe. Ta yanka hoton rago gida huɗu ta ce ta haɗa. Rago ya fito da wutsiya a wuya. Ta ɓata fuska da gangan ta ce, "Me nake ji yanzu?" Barira ta ce, "Ban sani ba, ba ki faɗa ba."

Likita ta juyo gare ni. "Baba, yaya kuke koya mata aiki a gida?"

"Yadda aka koya wa kowa. A ce dubi hannuna."

"Wa ke zama ya yi mata bayani? Uwarta?"

"Ƴar fari ce."

Ta yi murmushi ta ce, "Ni ma ita ce. Har na gama karatu uwata ba ta kama sunana, waccan take ce mini. Ubanta fa?"

"Shi ma ta farinsa ce."

"Ku kakanni fa?"

Na gyara zama na ce mu kam ba mu rufe baki. Ta ce in ba ta misali. Na ce in ta saka takalmi a juye nakan ce mata yau kam ta fi kowa iya ado. Tsohuwa kuwa in ta fasa tulu cewa take, madalla, gobe ki fasa randa.

Likita ta tambayi Barira, "Kin san wasa suke miki?"

Ta ce, "Randar ta yi mini nauyi ne."

Likita ta ce, kuma maganarta na nan a kaina har yau: "Idonta na gani, amma ba ya kai wa kai labari daidai. Nisa, gefe, sama da ƙasa, abin da fuska ke nufi, duk a cakuɗe suke isa. Kunnenta kuwa ƙofa ce a buɗe. Kowa gani ya kori ji, ita ji ne ya kori gani. Ga shi kun haɗa mata gida: masu faɗa mata gaskiya sun yi shiru don kunya, masu magana kuma ba'a suke yi." Ta ce abin yana da dogon suna a littattafansu, ba hauka ba ne, ba iska ba ne, ba kuma zai tafi ba, amma ana zama da shi lafiya in an san ƙofar.

Na ce, "To a rubuta mana maganin."

Ta rubuta layi uku. A faɗa mata da baki. Ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka faɗa ya zama shi ake nufi. Ta ƙara wata takarda ta musamman don mushe.

Na ce, "A wace farmasi ake samun wannan?"

Ta ce, "A bakinka, Baba. Na ga akwai da yawa."

A mota na yi ta tunani. Tunkiya guda, kwana biyu a rana, don a ce mini in daina wasa da jikata. Kakan da ba ya tsokanar jika ai kawu ne. Amma na yi wa Barira alkawari tun kafin mu iso Agiye: daga yau in zan yi wasa sai na ce wasa ne. Ku gwada ku ji. Kamar mutum ya yi sallama kafin ya yi atishawa.

Babbar matsala ita ce Hajara. Ita ke tare da yarinya wuni, ita ya kamata ta faɗa. Ni kuma surukinta ne, shekara goma sha ɗaya ban san kalar idonta ba, in na shigo ta durƙusa ta juya baya. Na aika Tsohuwa da saƙo, Tsohuwa ta ce ba ta kaiwa. "Ni na haifi wancan, shekara nawa ban kama sunansa ba, ya lalace? A ce surukata ta zauna tana hira da ƴar fari kamar ƙawarta? Me za a ce da gidan nan?"

Sai na yi abin da ake yayi. Na kira taron ƙasa a tsakar gida, bayan sallar Juma'a. Na zauna bayan zana don kada in haɗa ido da suruka, na ce yanzu dimokuraɗiyya ce, kowa na da bakin magana. Taroro ta karɓi bakin ta riƙe shi rabin sa'a. Tsohuwa ta yi adawa. Uban yarinya ya ce shi ɗan kallo ne. Na karanta layi ukun likita sau biyu ta cikin zana. Daga wajen Hajara ba a ji ko tari ba. Aka tashi ba a cimma komai ba, kamar dai na manya.

Kashegari da safe ina alwala sai na ji murya daga wajen madafa, a hankali. Hajara ce. Tana tsaye gaban turmi, ta ba Barira baya, tana cewa, "Turmi, in za a ɗaura zane, a fara kama bakinsa da hannun cin tuwo. A kai shi ƙugun ɗaya gefen. A riƙe. Sannan a jawo ɗaya bakin ya bi ta kansa."

Barira ta ce, "Inna, turmi ba ya ɗaura zane."

Na yi maza na kira ta. Na ce, "Wannan ba wasa ba ne. Uwarki na jin kunyar ta yi miki magana don ke ce ta fari. In kin ji ta ce turmi, da ke take. Kin gane?"

"Don me ba a faɗa mini ba tun da?"

"Me?"

"Cewa kunya ce. Na ɗauka ba ta so na ne."

Na koma na sake alwalar, don ban san inda na tsaya ba.

Daga ranar turmin gidanmu ya shiga karatu. An koya mishi yadda ake ɗora tulu, gammo tukuna, hannu biyu, ido a gaba. An koya mishi cewa in mutum ya fara kallon ƙofa kana magana, ya gaji, ka tsaya. An koya mishi cewa a gidan mutane in uwa ta taɓa kunne, a ce an ƙoshi. Tsohuwa ta yi kwana uku tana tsaki, rana ta huɗu na ji tana gyara wa turmi yadda ake tankaɗe. Zane ya fara kaiwa azahar. Ranar da ya kai magariba Taroro ta ce turarenta ne.

Sati na biyar na koma wurin mushe da takardar likita. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya ce, "Yara sun fi saba'in a gabana, Baba. Ba zan iya yi wa ɗaya karatu daban ba." Na ce ban roƙi daban ba, abu biyu nake so: a bar ta ta riƙa faɗa wa kanta abin da take yi, a kuma bar ni in ɓata allonta. Na ɗauki ƙusa na ja layuka daga sama zuwa ƙasa a kan allon, na yi ɗakuna. Muka sa musu suna: ɗakin ɗaiɗai a hannun cin tuwo, na gomomi kusa da shi, na ɗaruruwa can ƙurya. Kowace lamba da ɗakinta, ba shiga ɗakin wani sai an yi ajiya, ajiya kuma sai an faɗa. Da yamma gindin bedi sai ka ji, "Bakwai da biyar sha biyu, biyu ta zauna, ɗaya ta tafi maƙwabta." Mushe ya ga allo uku a jere daidai. Ya ce, "Ashe ba taurin kai ba ne." Na ce ai na so in ƙara mishi ilimi tun da, bai zo ba. Wannan karon ya yi dariya, ya mayar da ita benci na baya kusa da taga, inda raɗarta ba ta damun kowa.

Kada a ce ban faɗi nawa laifin ba. A sati na shida na shirya mata hanyar lakol da baki, don yaran da take bi suna gudu su bar ta. Daga ƙofa a bi hannun cin tuwo, a wuce mai ƙosai, a wuce masallaci, inda jakin Ɗan Jimma ke ɗaure a karya. Ta haddace a zama ɗaya. Kwana huɗu lafiya. Rana ta biyar ranar kasuwa ce, Ɗan Jimma ya sayar da jaki bai shawarce ni ba. Yarinya ta miƙe tana neman jaki. Mushe ya aiko ba ta zo ba, gida ya rikice, Hajara ta fita ba mayafi. Sai kusan azahar muka same ta a tasha, zaune bisa benci, direbobi sun kewaye ta tana ba su labarin yadda ake jefa ƙuri'a. Ta gan ni ta ce, "Kaka, ba jaki." Na ce laifina ne, kuma ba wasa nake ba. Darasi ga mai karatu: kada ka kafa alama da abin da ke da ƙafa.

Sati na bakwai ruwan fari ya sauka, kowa ya fita shuka, jarrabawa ta zo. Mushe ya nemi izinin direktan lakol ya ja mata layuka da fensir a takardar lissafi. Direkta ya yi jinkiri, ya ce kada a ce an fifita ta. Mushe ya ce layi ba amsa ba ne. Aka yarda.

Da safen ranar Barira ta ɗaura zane, ta saka takalmi daidai, ta zo tsakar gida ta ƙame. Kunu ya ƙi shiga. Hajara ta matsa kusa da turmi ta fara, "Turmi, yau a natsu."

Barira ta ce, "Inna, yau kada ki faɗa wa turmi. Ba shi za a kora ba."

Tsohuwa ta sami abin yi cikin ɗaki. Ni na shiga neman takalmina da ke ƙafata. Hajara ta juyo gare ta. Ba ta kama suna ba, kada a ƙara mata. Ta ce, "Ki fara daga hannun cin tuwo. In kin rikice ki tsaya ki faɗa wa kanki. Ko sun kore ki, ɗakina na nan, ki kawo maganar." Ta gyara mata ɗankwali, ta shige madafa, hayaƙi ya dame ta ƙwarai ranar, ko da yake wuta ta riga ta mutu.

Bayan kwana takwas aka tara iyaye a filin lakol. Direkta na kiran waɗanda suka wuce daga na ɗaya zuwa ƙasa, wanda aka kira ya nuna mishi da haɓa inda zai tsaya. Aka yi ta kira. Na ɗaya, ba ita ba, na riga na sani. Aka wuce tsakiya. Uban yarinya, da ya ce shi ba zai zo ba, na hango shi bayan katanga riƙe da kekensa. Takarda ta kusa ƙarewa. Saura suna kaɗan aka kira ta. Direkta ya yi nuni da haɓa, Barira ta tsaya tana dubansa. Sai mushe ya ɗaga murya ya ce, "Barira, kin wuce. Ki bi hannun cin tuwo, taki goma, ki tsaya gindin itacen can." Ta ƙirga takinta da ƙarfi har goma, fili na dariya, ita ma tana yi.

Ban ce ta warke ba, don ba a warkewa. Lissafi da ƙyar ya kai, zane-zane kuwa kada a tambaya, hadda da karatu ne suka ɗauke ta. Har gobe tana fasa abu, sai dai Tsohuwa ta koma ba ta bokitin roba. Ga wanda ke da yaro mai bakin manya da hannun jarirai, mai haddace komai ya ɓata a bayan gidansu: kada ka ce iskanci ne, kada ka ce iska ce. Ajiye dorina, ajiye harara, buɗe baki. In kunya ta hana ka, duba tsakar gida, ba ka rasa abin da za ka faɗa wa.

Da yammacin ranar ɗan nawa ya same ni gindin bedi, ya tsuguna yana wasa da ƙasa. Ya ce, "Baba, ni kuma da wa zan yi magana?"

Na ce, "Turmi dai an kama. Nemi naka."

Ya tashi ya jawo kekensa tsakar gida, kusa da inda Barira ke zaune tana cin gyaɗa. Ya ɗauko tsumma ya shiga goge ƙarfen da ba shi da ƙura. Ya goge gaba, ya goge baya, ya yi gyaran murya sau biyu.

Ya ce, "Keke, ka yi ƙoƙari. Na dake ka ba da hakki ba, ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka."

Barira ta haɗiye gyaɗarta ta ce, "Amin, Baba. Ya yafe."